Inna Takko Ta Ɗaure Kayanta

Da na fara jin ƙarar, na ɗauka teku ce ta biyo kwata ta shigo unguwa. An idar da isha'i, ina zaune ina jera gwangwanayen madara da zan mayar fitilu washegari, sai na ji wani abu ta bayan bango: kwacal, kwacal, kwacal. Ya yi, ya tsaya, ya sake. Shekarata arba'in a Zongon Lome, na san kukan kowane abu a layinmu, daga famfon da ke tari kafin ya kawo ruwa har ƙofar Asibi mai koko da ke kuka kamar akuya. Wannan ban san shi ba.

Bangon da ya raba ɗakina da gidan maƙwabcina Issifou yana da rami inda aka zare wani tsohon bututu. Da safe na sa ido. Ramin yana kallon ɗakin gawayinsu ne, ƙofarsa a buɗe, na hangi wata tsohuwa doguwa zaune a ƙasa, da zanen wuta a kumatu da kitso mai tozo, tana kaɗa gora yadda matan Fulani ke kaɗa nono. Ta daɗe tana yi. Da ta buɗe bakin gorar ta tsiyaye, sai na ga ruwan famfo ne.

Sunanta Inna Takko, kuma ita ta haifi Issifou. Mu dai mun san shi ɗan garin Mango ne can arewa, wani dillalin shanu ya riƙe shi ya sa shi lakwal, makarantar boko, ya zama akawu a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, yara suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Ba wanda ya san yana da uwa a daji. Fari ya cinye mata shanu, ta bi dangi daga mashaya zuwa mashaya har suka gaji, suka ɗoro ta a motar dabbobi da adireshinsa ɗaure a bakin zane.

An ba ta ɗaki mai siminti da gado, ta ƙi kwana a ciki. Ta ce rufin kwano yana danne mata ƙirji. A tsakar gida take shimfiɗa, kuma ba ta kwana uku a wuri guda: yau gindin bango, jibi bakin rariya, gata kusa da murhu. Kowace asuba sai ta jera ƙorenta, ƙarama cikin babba, ta naɗe tabarma, ta ɗaure duka da igiya, ta zauna gefen kayan tana kallon ƙofa. In rana ta yi tsaka ba wanda ya ce a tashi, sai ta kwance.

Da ta gane akwai ido a ramin, ba ta tsorata ba.

"Kaɗo," ta ce, "kai ba ka da aiki ne?"

"Ina da shi, Inna. Kallonki ya fi shi."

"To tunda idonka ba ya zama, duba mini. Ina hadari ya tsaya yau?"

Daga ranar na zama mai kawo mata labarin sama. Ni ma dama tun ina yaro nake kallon gajimare, abin da ya hana ni gama aji uku ke nan.

Matar gidan, Assana, 'yar masu atamfa ce, tana da rumfa a kasuwar Asigame. Da farko dariya take yi. Dariyar ta tsaya ranar da mahauta suka koro shanu ta bakin layinmu, Inna Takko ta fita ba takalmi ta bi su, tana yi musu magana da Fulatanci, tana shafa tozon wani bijimi har bakin mayanka. Yara suka biyo ta da ihu. Asibi ce ta riƙo hannunta ta dawo da ita.

Bayan kwana goma ta sake fita, wannan karon kafin gari ya waye. Ta miƙe arewa, ta haye tafki, ta yi ta tafiya har Kégué, inda a lokacin ciyawa ta fi gidaje yawa. A can jandarmomi suka same ta zaune tana murza ganye tana shinshinawa. Ba ta da katin shaida. Suka nemo mai jin Hausa ya tambaye ta ko tana da kowa a garin, ta ce tana da masauki. Sunan mai masaukin fa? Ta ƙi faɗa. Kwana biyu ta yi a hannunsu kafin Issifou ya gano inda take. A zamanin nan na jam'iyya ɗaya, ba mai albashin da ke son a rubuta sunansa a littafin jandarma, ko da a kan ɓatan akuya ne. An rubuta nasa, an kuma aika wa shugabansa na ofis.

A yammacin da ya dawo da ita, na ji ana fitar da buhunan gawayi. Sai na ji guduma.

Na leƙa ta ƙofar gida na yi sallama. Yana tsaye da farar rigar ofis, yana kafa wa ɗakin gawayi sakata da kwaɗo.

"Issifou, me za a ajiye a nan?"

"Baba Sabitu, don lafiyarta ne. Motoci sun yi yawa. In aka take ta a titi, ku ne za ku fara cewa na yi sakaci."

"Mutumin da ya saba da sarari..."

"Sati ɗaya ne. Ta saba da gari, a buɗe."

Sati ɗayan ya zama wata bakwai.

Ɗakin taku uku ne a tsaye, biyu a kwance. Tagarsa an daɗe da toshe ta da katako. Hasken da ke shiga, daga hujojin tsatsar kwano ne da kuma ramina. Assana tana buɗewa sau biyu a rana, ta ajiye kwano, ta ɗauki bokitin bahaya, ta rufe. Makullin yana ɗaure a gefen zanenta tare da na rumfa.

A watan farko Inna ba ta canja komai ba. Tana ɗaure kaya da asuba. Tana sauya wurin kwanciya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce mini yau ta yi ƙaura. Tana tambayar hadari, ina ba ta amsa, wani lokaci har in ƙara gishiri don in ji ta ce, "Ƙarya kake, kaɗo, iskar ba ta ce haka ba."

A wata na biyu kwanon ya fara komawa yadda ya zo. Na ji Assana tana gaya wa Asibi a bakin famfo.

"Na tuƙa akume, tuwon masara, da miyar kifi, kifi mai rai na saya, ta ture. Wai ita sai nono. In je in tatso mata teku?"

"Ki gwada mata fura mana."

"Ni baiwarta ce? Ke da bakin magana, ɗauke ta ki kai ɗakinki."

Asibi ta ɗauki tulunta. Ɗakinta ɗaya ne, su shida a ciki.

Na sayo kindirmo a wurin matan da ke kawowa daga bayan gari, na zuba a siririn gwangwani da na ƙera daidai ramin, na tura mata. Ta kurɓa sau biyu ta mayar.

"Inna, ba daɗi ne?"

"Da daɗi."

"To sha mana."

Ta matso bakin ramin, ta rage murya.

"Abin da ya shiga sai ya fita. Mu ba ma yi a inda muke kwana. Kuma matar mutumin nan ce ke ɗauka da hannunta."

Sai a ranar na gane. Ba kifi ta ƙi ba. Ta rage ci ne don kada surukarta ta ga abin da ke cikin bokiti. Na gaya wa Assana, a tsammanina na kawo maganin abin. Ta tafa hannu.

"Kunya? Ni da nake ɗauka ban ji kunya ba sai ita? Baba mai gwangwani, ka koma kan fitilunka."

Damina ta shigo. Kwanon ɗakin yana yoyo, ƙurar gawayin da ke ƙasa ta zama baƙin taɓo. Ƙafafunta suka kumbura. Matar da ta taka daga nan har Kégué kafin hantsi, yanzu sai ta dafa bango take miƙewa. Duk da haka ba ta fasa ɗaurin kaya ba, sai dai abin da take gamawa kafin kiran salla ya koma yana kai ta har fitowar rana.

Issifou yana wucewa ta bakin ƙofar safe da yamma. Yakan tsaya ya ce, "An kwana lafiya?" Ba ta amsawa. Ya ɗan jira, ya gyara wuyan riga, ya tafi. Wata rana na ce mata ta yi masa magana, ta gaya masa ƙafafunta.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ko yana jariri, sai dare nake ɗaukarsa. Yanzu da furfura zan buɗe baki in ce masa ina jin ciwo?"

"Shi ya san haka?"

"Ya kai shekara bakwai a ruga. Ya sani."

A cikin watan nan ne ta fara cewa wurin ya mutu. Ta ce tururuwan ɗakin sun kwashe ƙwansu sun bi ta ƙarƙashin bango, ba su dawo ba. Ta ce ƙasar unguwar ta gaji da mu, da shanu ne da tuni sun juya kai. An daɗe ana raɗe-raɗin za a tashi Zongo, har maganar ta zama kamar ta mutuwa: kowa ya yarda, ba wanda ya shirya. Amma ba a yi sati uku ba sai ga mutane da takardu suna bin layi-layi, aka tara masu gida aka ce an ba mu fili a can wajen Agoè, a shirya.

Laifina ne da na maimaita maganar tururuwa a bakin famfo. Kafin la'asar ta zaga unguwa cewa tsohuwar gidan Mushe tana da baki. Assana ta samu abin da take nema.

"Kun ji ko? Ku da kuke cewa a buɗe ta. Tana kulle ta tashi unguwa, in ta fito fa?"

Na je wurin Malam Yacouba, limamin masallacin layinmu. Ya yi ta jan carbi yana cewa sha'anin gida sai masu gida. Na ce in ta mutu a ciki shi zai yi mata salla, kuma ni zan tsaya a sahun gaba in dube shi. Ranar Alhamis bayan la'asar ya zo da dattawa biyu.

Da aka buɗe ƙofar, warin ya sa ɗaya daga cikinsu ya ja baya. Tana zaune gefen kayanta, ta kare ido da hannu saboda haske. Rabin matar da na gani da gora ce ta rage.

Malam ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Inna, sannu. Kin san wannan da ke tsaye?"

Ta juya fuska ga bango.

"Ɗanki ne?"

Ta ƙara matsawa jikin kayanta.

"Ana cutar ki a gidan nan?"

"Ni baƙuwa ce," ta ce a hankali. "Baƙo ba ya ƙarar masauki."

Issifou ya buɗe hannuwa biyu.

"Kun gani da idonku, Malam. Ko ni ba ta gane ni ba. Hankalin ya tafi tun da shanun suka mutu. In na sake ta, wa zai ɗauki alhaki?"

Na ce, "Malam, ɗan fari ne. Kai ma ka sani. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙan ta, ta taɓa kiran yayanka da suna?"

Malam ya dubi ƙasa. Na tabbata ya tuna. Amma Assana ta riga shi.

"Baba Sabitu ne fa. Shi ne ya ce ya ga kifi ya faɗo daga sama a bayan masallaci."

Dattawan suka yi dariya, dariyar mutanen da aka nuna wa ƙofar fita. Kifin na gan shi, amma ba ranar faɗar haka ba ce. Malam ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce zai aiko da rubutu a ba ta ta sha, kuma a riƙa buɗe mata ƙofa ranar Juma'a ta sha iska. Ya ce yanzu kowa hankalinsa na kan tashi, in an sauka sabon wuri za a sake duba maganar. An buɗe Juma'a ɗaya.

Ranar tashi ta zo da ƙarar katafila tun hantsi, daga can gefen babban titi. Zongo ta zama kamar gidan tururuwan da aka zuba wa ruwa. Ana ɓamɓare kwano, ana cire ƙofofi, mata suna kiran yara, awaki suna kuka a ɗaure. Mutanen da kakanninsu suka zo nan da jakuna sun manta yadda ake ɗaure tukunya.

Na sa baki a ramin. Muryarta ta ba ni mamaki, kamar ta yarinya.

"Kaɗo, na ce maka. Na ɗaure tun kafin zakara. Ka gaya musu mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama, kada a sa gishiri kusa da ruwa."

"Zan gaya musu."

"A wurinmu tsofaffi ake fara ɗorawa. Su da 'yan maruƙa."

Motar da ta zo gidan Issifou ta wurin aikinsa ce, shugabansa ya ba shi aro da direba, wani mai suna Tchakoura. Aka ɗora kujeru, aka ɗora kabad mai madubi, dilolin atamfa, kwanon rufin manyan ɗakuna. Ɗakin gawayi ba a taɓa shi ba, kwanonsa ya ruɓe. Na ga yadda Issifou ke tsayawa tsakanin direban da ƙofar nan duk lokacin da ya gifta. Na ja shi gefe.

"Inna fa?"

"A hankali, Baba. Mutumin ofis ne. Gobe kowa ya ji."

"To buɗe ta, in sa ta a amalankena."

"A wannan hargitsin? Ta sulale ta ɓace? An ce sai gobe za a iso layinmu. Ina sauke kaya zan ɗauko taksi in dawo da kaina. Kafin azahar."

Na koma ramin.

"Inna, motar ta cika. Kira shi. Sau ɗaya kawai, da ƙarfi, a gaban direban. Ba zai iya tafiya ba."

"Da wane bakin?"

"Inna."

"Mai garke ba ya manta abin da ya bari a baya. Tafi, kaɗo, rana tana yi."

Na ji motar ta tashi. Ina da guduma, ina da almakashin yankan gwangwani, kwaɗon nan bai fi bugu uku ba. Na tsaya da gudumar a hannu ina tunanin abin da za a ce: tsoho ya fasa gidan mutane ranar tashi, ga sojoji a bakin layi suna kama masu kwasar kayan da ba nasu ba. Ya ce kafin azahar. Na mayar da gudumar cikin buhu, na tura amalankena.

Hanyar Agoè tana da tsawo ga mai shekara saba'in. Na huta ya fi sau goma. Motoci suna wuce ni, ina duba kowace taksi da ta nufi gari, ban ga farar riga ba. Na ce wataƙila ya wuce lokacin da na sunkuya shan ruwa.

Ana kiran magariba na isa. Fili ne fetal, ciyawa da turaku, mutane zaune a kan kayansu, hayaƙi yana tashi nan da can. Abin da na fara tunani shi ne, wannan wurin zai yi mata daɗi. Na sami mutanen layinmu a gindin wata bishiya. Issifou yana tsaye da takarda a hannu, rigarsa ta yi ja da ƙasa, muryarsa ta dushe. Tun isowarsa yake rigima da wani mahauci a kan turken iyaka. Assana tana zaune a kan dila tana fifita. Asibi ta kafa murhu da duwatsu uku tana rabon koko, Malam Yacouba yana alwala da buta.

Na duba bayan kabad. Na duba ƙarƙashin tamfol. Ba ƙore, ba tabarma mai igiya.

Kafin in haɗa magana, motar Tchakoura ta tsaya, ya kawo kayan wani gida a sawu na uku. Ya sauko yana goge wuya da tsumma, ya karɓi kokon da Asibi ta miƙa masa.

"Kun yi sa'a kun fito da wuri," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Layinku an gama shi tun la'asar. Ko bango ɗaya babu."

Takardar hannun Issifou ta daina motsi.

"Gobe aka ce," in ji shi.

"Aiki ya yi sauri. Amma suna da kirki, ba sa turawa haka kawai. Kowane gida sai sun tsaya sun yi kira, da Faransanci, da yaren Mina, ko akwai mutum. In ba a amsa ba, shi ke nan."

Inna Takko ba ta jin ko ɗaya daga cikin biyun.

Issifou ya juya ya dubi matarsa. Assana ta dube shi, hannunta ya sauka gefen zanenta ya tsaya a kan ƙullin da ke wurin. Malam Yacouba ya bar ruwa yana zuba daga buta a kan ƙafar da ya riga ya wanke. Ni kuma buhun kayan aikina yana rataye a kafaɗata, ina jin nauyin gudumar a bayana.

Asibi ba ta lura ba tukuna. Ta cika wani kofi, ta ɗaga shi tana waige-waige, tana neman wadda za ta miƙa wa. Ta dubi Mushe, ta dubi Malam, ta dube ni. Sai ta sauke kofin a hankali.

"Assana," ta ce, "da za ku taso, wa ya buɗe wa Inna ƙofa?"